Ƙaho Huɗu a Ƙeyar Alhaji

Salama gare ku 'yan uwa. Wanda ya san ni ya san ba na iya gajarta magana, don haka ku gyara zama. Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji mai fulawa na unguwar Kilomita Biyar a Bangui, amma har yau mata na tare ni a gidan biki suna tambaya, wai da gaske wanzami ne ya kashe shi? Ba wanzami ba ne, kwana ne ya ƙare. Sai dai wanzamin ya taka tasa rawar, kuma don kada wata ta sha abin da na sha ne na zauna rubuta wannan.

Ciwon ya soma ne bayan babban gudun da aka yi saboda rikici, lokacin da yawancin maƙwabtanmu suka bi manyan motoci zuwa Cadi da Kamaru, mu kuma muka rage a unguwa ba shiga ba fita. A wannan zamanin wa ba ya ciwon kai a Kilomita Biyar? Da Alhaji ya fara tashi da safe yana dafe goshi, sai in miƙa masa farasitamol in ce ya yi haƙuri, nawa ma yana sarawa. Haka muka yi wata da watanni.

Ranar da abin ya canja salo, yana zaune bakin rijiya zai yi alwalar azahar, ya ce, "Hajjo, miƙo mini tunkiyar nan."

Na duba tsakar gida, ba mu da tunkiya. Buta yake nunawa. Na yi dariya har da riƙe ciki, shi ma ya taya ni. Bayan kwana uku ɗanmu Abba ya dawo daga shago fuska a murtuke, ya ce baban nasa ya tari limamin unguwa a gaban jama'a ya ce masa, "Sannu da zuwa, Madam." Daga nan dariya ta ƙare mini.

Sai masu magani suka fito. Yayarsa, Yaya Indo, ta ce aljanin kasuwa ne, ta turara gidan da hayaƙi har kajina suka kama tari. Wani ya ce firgicin harbi ne. Wata ta ce sammu ne, har ta faɗi sunan wanda ya yi, bawan Allahn da ya shekara biyu a Garwa bai san ana yi ba. Shi kuwa Sarkin Aska cewa ya yi mataccen jini ne ya taru a ƙeya.

Bari in gaya muku wane ne Sarkin Aska. Sunansa na yanka Isiyaku, wanzamin unguwarmu, kuma aminin Alhaji tun suna yawo ba wando. Kakanninsu tare suka sauko daga Damagaram. Shekara talatin, duk sha bakwai ga wata, sai ya zo da zabirarsa sun shiga zaure, ya yi wa Alhaji aski, ya kafa masa ƙaho huɗu a ƙeya, ya tsaga, ya zuƙe, suna gulmar duniya. Da aka yi gudu iyalinsa suka hau mota, shi ya ƙi. Wai in ya tafi wa zai aske Alhaji?

Ƙaho bai hana komai ba. Wata Laraba Alhaji ya yanke jiki ya faɗi tsakanin buhuna yana karkarwa. Aka kawo mini shi fari fat da fulawa daga hula har takalmi, Yaya Indo na ganinsa ta ƙwalla salati ta ce ga aljanin ya fito fili.

Zuwa asibitin cikin gari a lokacin sai da shiri. Ba mai haye gadar Yakite da kamannin Musulmi in yana son ransa. Alhajin da ban taɓa ganin ƙaurinsa a waje ba, sai ga shi cikin wandon jins na Abba da hular hana-sallah, ni kuma na ɗaura ɗankwali irin na matan gari, muka hau moto biyu, wato baburan haya. Mun yi layi daga hantsi har la'asar. Likitan da ya duba shi mutumin kirki ne, bai ɓata mana lokaci ba, ya ce abin a cikin kai yake, mu nemi hanyar Yawunde.

Ba zan cika ku da labarin ayarin motoci da rakiyar sojojin kiyaye zaman lafiya masu shuɗiyar hula ba, ƙugu na har yau bai yafe mini ba. A Yawunde aka ɗauki hoton kai, aka nuna mana wani dunƙule a gefen hagu, aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, daidai wurin da magana ke fitowa. Aka yi masa aiki, aka tura mu Duwala aka gasa wurin da na'ura. Shagonmu na kasuwar Kokoro ya tafi, sarƙar da na sayo a Makka ta bi shi. Ban yi kuka a kansu ba, don na dawo da mijina yana kiran buta buta.

Wata takwas muka samu. Sai wata safiya tunkiya ta dawo.

Muka koma Yawunde. Babban likitan ya daɗe yana kallon sabon hoton, sannan ya ce ƙarin ya sake tsirowa kuma ba zai yanku ba. Amma akwai wani magani na ƙarin ruwa. Ya ɗauki biro ya zana mana a takarda, Abba na fassara inda Faransancina ya gaza. Ya ce shi ƙari ba ya girma sai da abinci, abincinsa kuwa jini ne. Saboda haka yake ta buɗe wa kansa sabbin ƙananan hanyoyin jini, su riƙa kawo masa kaya. Wannan magani hana shi buɗe sabbin hanyoyi yake yi. In kaya suka daina isowa, sai ya lafa, kumburin kai ya sauka.

Likita ya ɗago ya tambaya ko mun gane. Alhaji, da harshensa da ya fara nauyi, ya ce, "Likita, mu 'yan Kilomita Biyar ne. Ba sai an koya mana abin da rufe hanya ke yi wa mai ciki ba."

Likitan ya yi dariya har ya cire tabarau. Amma da ya mayar da shi ya faɗa mana gaskiya, Allah ya saka masa. Ya ce maganin ba ya kashe ƙarin, lokaci kawai yake saye, kuma ba wanda zai ce ga yawansa.

A lokacin matar Abba, Maryama, tana da cikin wata uku, cikin fari bayan shekara shida ana jira. Alhaji ya lissafa da yatsu ya ce, "Wata shida nake so. In yi wa jikana huɗuba da bakina, in raɗa masa suna. Kada a miƙo mini yaro in kira shi tunkiya." Abin da muka saka gaba ke nan tun daga ranar, bakin Alhaji ya kai ranar haihuwa.

Kafin mu fita likita ya tsayar da ni. Ya ce rauni ma ba ya warkewa sai jiki ya buɗe sabbin hanyoyin jini a wurin, maganin kuwa bai san na ƙari da na rauni ba, duka yake tarewa. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Pas de lame, Madame." Ba aska, ba reza, ko haƙori ba za a cire ba sai da saninsu. Wannan kalma ta zauna mini a kai daram.

Aka haɗa mu da wata likita a Bangui, mai ƙaramin asibiti a cikin gari, ita za ta riƙa ɗaura masa ruwan duk sati biyu. Maganin daga Duwala yake zuwa cikin kula da ƙanƙara, in ya iso ni ke rungume shi a kan moto. Likitar nan ba Musulma ba ce, kuma a shekarun da kowa ke tsoron kowa ba ta taɓa yi mana kallon banza ba. In Alhaji ya ƙosa da ɗigar ruwan sai ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Yeke yeke, Papa," wato a hankali.

Bayan ruwan farko ciwon kai ya ragu. Bayan na biyu ya daina jan ƙafa. Bayan na uku, ina zuba masa miyar kuka ya ɗanɗana ya ce, "Hajjo, shekara talatin da biyar, har yau ba ki san gishiri da tsada ba?" Wallahi kuka na fashe da shi don murna. Mijina ya dawo, har da rashin godiyarsa.

Akwai wata ƙwaya da ake ba shi ta rage kumburi, ita kuma ta buɗe masa ciki. Ya ci tuwo, ya ci gozo, tuwon rogon nan garin, ya aika a sayo fanken da ake kira makara, ya tambayi abin da ya rage a tukunya. Ya yi kumatu. 'Yan dubiya suka riƙa cewa ai Alhaji ya warke, Yaya Indo na cewa hayaƙinta ne ya yi aiki a makare.

Matsala ɗaya, maganin ya jawo masa hawan jini, ƙeyarsa ta riƙa yi masa nauyi. To ku gaya mini, Bahaushe ya ji ƙeya ta yi nauyi, me zai fara tunawa?

Ni fa na yi iyakar ƙoƙarina. Tun ranar da muka dawo na tsare Sarkin Aska a zaure na karanta masa dokar likita, har da Faransancin. Ya gyaɗa kai ya ce, "Hajiya, an gama." Ya koma yi wa Alhaji aski da almakashi, yana yi yana tsaki, wai an mayar da shi tela.

Ranar sha bakwai ga wata na raka Maryama awo. Da muka dawo na tarar da Alhaji zaune a kan tabarma da rawani, naɗi har da amawali. Mutumin da ko ranar ɗaurin aurenmu hula kawai ya sa.

Na ce, "Alhaji, sarauta aka ba ka ba mu ji ba?"

Ya ce, "Girma ya zo, Hajjo. Mai shirin karɓar jika ai sai da kamala."

Da rawanin yake ci, da shi yake kwana, in zai yi wanka sai ya kulle ƙofa. Ku ce mini sakarya, na yarda. Amma matar da mijinta ya kira buta tunkiya ya kira liman Madam, rawani ba zai tayar mata da hankali ba. Na ɗauka sabon salon ciwon ne, na ce in dai a nan ya tsaya, alhamdu lillahi.

Kwana tara aka yi haka, sai ranar ƙarin ruwa ta zo. Na fito da jins da hana-sallah, Alhaji ya ce shi yau da rawaninsa za shi. Mai moton da ke kai mu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Papa, da wannan a kanka ko gadar ba za mu gani ba. Ni ina da 'ya'ya." Na lallaɓa, ya ƙi. Na yi faɗa, ya ƙi. Sai na kama bakin rawanin na ja, a nan ƙofar gida, yana juyawa ina warwarewa.

Warin ne ya fara isowa. A ƙarƙashi akwai tsumma da aka shafe da zuma, da na ɗaga sai ga da'ira huɗu a ƙeyarsa, kowace da tsagarta a buɗe kamar yanzu aka yi, sun kumbura suna ruwa. Ɗaya har ta kusa taɓa tabon aikin Yawunde. Tsagar ƙahon da a da kwana uku ta bushe.

Na mayar da tsumman, na kifa masa hana-sallah muka tafi.

Likita ta duba raunin sosai. Sannan ta ce ba za ta ɗaura ruwan ba, in aka ci gaba raunin ba zai rufe ba, kuma in ƙwayar cuta ta bi tabon ta shiga ciki, an gama. Sai an dakata har ya warke. Na ce har yaushe? Ta ce raunin ne zai faɗa. Na fito rungume da kular da ban buɗe ba, ina lissafin cikin Maryama, wata bakwai.

Muna isa gida ga Sarkin Aska a zaure yana jira, da zabirarsa a kan cinya. Ban san sanda na ɗauko muciya ba.

"Hajiya, tsaya ki ji," in ji shi, yana ja da baya. "Ke da bakinki kika ce likita jini yake hana wa abin. To ni me na yi? Shi ya tare hanya ta gaba, ni na kwashe kayan ta baya. Ai ni da likita aikinmu ɗaya!"

"Aikinku ɗaya? Shi ya yi shekaru yana karatu, kai ka yi shekaru kana tsotsar ƙeyar mutane!"

"Sana'ar gado ce, Hajiya, kuma sunna ce."

"Sunna ta ce ka kashe mini miji?"

Na bi shi har titi, mata na leƙe ta katanga. A nan gaban kowa na ce, "Isiyaku, na rantse da Allah, muddin ina numfashi, daga kai har sunanka ba mai sake shiga gidan nan." Ya tsaya riƙe da takalminsa ɗaya a hannu.

Sati bakwai muka yi muna wankin rauni, safe da yamma. A sati na biyu, ina goge masa da ruwan gishirin asibiti, Alhaji ya ce, kansa a sunkuye, "Ni na roƙe shi, Hajjo. Sau uku yana ƙi. Tunda na fara ciwon nan duk wanda ya taɓa kaina baƙo ne. Hannun da na sani na so in ji." Na ce ya yi mini shiru kada in danna audugar da ƙarfi. Amma maganar ta soke ni, kuma ita ce doguwar magana ta ƙarshe da ya yi mini.

A sati na uku tunkiya ta dawo. A na huɗu aka yi harbe-harbe, hanya ta rufe kwana shida, likita ta riƙa kirana a waya tana gaya mini yadda zan yi, ina amsawa da guntun yaren Sango da na iya. A na biyar ya manta sunan Abba. A na shida ba abin da ya rage a bakinsa sai "to" da "wannan". Yakan kalli cikin Maryama in ta gitta, ya buɗe baki, ya rufe. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a ranar da harsashi ya huda mana kwanon ɗaki.

Shi kuwa mutumin naku Sarkin Aska, kullum yana zaune a benci ƙarƙashin mangwaron da ke tsallaken titi, yana fuskantar ƙofarmu, daga hantsi har magariba. Bai taɓa tsallakowa ina gani ba, sai dai kowace safiya in tarar da gwanda a bakin ƙofa. Ta farko na ba awakin maƙwabta. Ta biyu ma haka. Daga baya na ga gwandar ba ta yi mini laifi ba, na riƙa yanka wa Alhaji.

Raunin ya rufe a sati na bakwai. Likita ta ɗaura ruwan, ta ce kada in sa rai da yawa, ƙarin ya sami hanya ya yi ta shigo da kaya. Kwana huɗu bayan haka Maryama ta sauka, namiji, aka dawo da su gida da hantsi.

Abba ya tsuguna ya miƙa wa babansa jaririn. Ɗaki ya cika, Yaya Indo na gefe tana sharar hawaye, ni ina riƙe da gwiwar hannunsa kada yaron ya suɓuce. Alhaji ya sunkuya kan kunnen dama. Ya yi shiru har na fara cewa Abba ya karɓa. Sai na ji, "Allahu akbar, Allahu akbar." Ya ja kiran salla tun daga farko har ƙarshe, ba gargada, ba tunkiya, da muryar da na sani. Ya juya kunnen hagu ya yi iƙama. Likita ta ce mini daga baya abin da baki ya saba tun yarinta yakan rage ko sauran magana ta tafi. Ni dai na ce ikon Allah.

Abba ya ce, "Baba, sunan fa?"

Duk mun san sunan mahaifinsa zai sa, Muhammadu Sani, an gama wannan maganar tun ciki na wata uku. Alhaji ya motsa baki, ya sake motsawa, ya ce, "Isiyaku."

Na ce, "Ciwon ne. Kada ku biye masa, mutumin da ya kira liman Madam. Abba, sake tambayarsa."

Abba ya sake. Alhaji ya dube ni tsakiyar ido, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ƙofa, ya nuna tsallaken titi, ya ce, "I-si-ya-ku." Sannan gefen bakinsa ya ɗaga, irin murmushin da yake yi in ya ci riba a kan Larabawan kasuwa. Ɗan kasuwa har ƙarshe. Na hana sunan shiga ta ƙofa, ya shigo mini da shi cikin zanen goyo.

Washegari na dafa shinkafa na ciyar da miskinai goma, kaffarar rantsuwata. Sannan na yafa mayafi na tsallaka titi. Na ce, "Sarkin Aska, ranar suna akwai askin jariri. In ka kwarzane shi, ko da tsinin farce ne, muciyata na nan." Ya buɗe baki zai yi magana, sai kuka ya ƙwace masa, tsoho da furfura, a bakin titi.

Ranar suna ya aske takwaransa tas, ko ɗigon jini babu. Da ya gama ya matsa kusa da Alhaji ya ciro almakashi, ya dube ni. Na ce to. Ya dafa kan da tafin hannunsa ya fara ragewa a hankali, Alhaji ya lumshe ido.

Ya ƙara wata biyu da kwana goma kafin ya rasu, bai sake furta wata kalma ba. Na tambayi likita ko sati bakwai ɗin nan ne suka rage masa kwana, ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda ya sani. Ina yi mata godiya, da likitan Yawunde, da mai moton da ya ƙi ɗaukar rawani. Ku kuma, in an sa naku a kan irin wannan magani, ku ɓoye aska, ku ɓoye reza, kuma in mijinki ya tashi da rawani rana tsaka, ki warware shi a ranar, kada ki jira kwana tara.

Yaron yanzu yana rarrafe. Yaya Indo ta ce in laƙaba masa wani suna in huta, Maigida ko Baba Ƙarami. Na ƙi. Kalmar ƙarshe ce da ta fito daga bakin Alhaji, a gabana, don haka nake kiranta yadda ya faɗe ta, sau hamsin a wuni. Matsalar kawai, duk sanda na ɗaga murya na ce, "Isiyaku, sauke wannan!" sai in ji tsohon ya amsa daga zaure, "Na ajiye, Hajiya."